Tsufan fatar fuska: me ke sauyawa, kuma me na'ura ke iya aunawa?

Shin akwai wani abu mai suna "shekarun fata" da za a iya aunawa kamar yadda ake auna hawan jini ko sukari? Tambayar ta taso ne saboda yawaitar manhajojin waya da mutum zai ɗauki hoton fuskarsa su yanke masa shekaru, da kuma na'urorin duba fata da suka fara bayyana a shagunan kayan kwalliya da wuraren gyaran jiki, inda za a haska fuskar mace, a fitar mata da lamba a allo, sannan a miƙo mata kwalbar man da aka ce zai rage lambar. A tallace-tallacen Instagram da TikTok ma ba a rasa mai cewa mansa yana rage tamoji da kashi kaza cikin ɗari a mako huɗu. Wasu sun ɗauki waɗannan lambobi tamkar sakamakon asibiti, wasu kuma sun ce duk damfara ce. Kafin a goyi bayan wani ɓangare, sai an san abin da ke sauyawa a fuska, da kuma wanne daga ciki kowace na'ura take gani.

Fuska hawa-hawa ce, kowane hawa da irin tsufansa

Abin da ido ke gani shi ne fatar sama, wadda kaurinta a fuska bai wuce na takardar rubutu ba. Kullum tana cikin sabunta kanta: sababbin ƙwayoyi suna tasowa daga ƙasa, tsofaffi suna bushewa suna kakkaɓewa, kuma a jikin matashi wannan zagaye yakan ɗauki kamar mako huɗu. Idan shekaru suka ja sai zagayen ya yi nawa, matattun ƙwayoyi su daɗe a sama, shi ya sa fuska ke rasa sheƙi, rauni kuma ya daɗe bai warke ba.

Ƙarfin fata yana hawa na biyu ne, wato tsakiyar fata, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a majema ya ga wannan hawa da idonsa. Idan majemi ya jiƙa fatar akuya ya kankare gashi da fatar sama, ya kuma kankare nama da kitse ta ciki, abin da ya rage a hannunsa, wanda zai jeme da bagaruwa har dukawa su ɗinka jaka da takalmi da shi, saƙa ce ta wasu zaruruwa da masana ke kira kolajin. Irin wannan saƙa ce ke riƙe da fuskar ɗan Adam. A tsakaninta akwai wasu zaruruwan masu miƙewa su dawo kamar roba, ana kiran su ilastin, da kuma wani sinadari mai yauƙi da ke riƙe ruwa ya sa fata ta cika. A 1975 Sam Shuster da abokan aikinsa a Newcastle ta Ingila suka auna fatar mutane masu shekaru daban-daban, suka gano cewa kolajin yana raguwa da kusan kashi 1 cikin ɗari a kowace shekara bayan mutum ya girma. A wajen mata kuwa akwai gangara ta musamman: idan mace ta daina al'ada, sinadarin jikin mata da ake kira istirojin ya yi ƙasa, takan rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na kolajin fatarta a shekara biyar na farko. Wannan ne bayanin abin da mutane ke faɗi cewa wance ta tsufa lokaci guda, har a shiga zargin kishiya ko damuwa, alhali lamarin daga cikin jiki ya taso.

Ƙarƙashin fata akwai kitse. An daɗe ana ɗaukarsa shimfiɗa ɗaya, sai a 2007 wasu likitocin tiyata biyu a Dallas ta Amurka, Rod Rohrich da Joel Pessa, suka nuna cewa kitsen fuska a rarrabe yake gida-gida, kowane gida da iyakarsa. Wasu gidajen suna motsewa, wasu suna zamewa ƙasa, daga nan ne ake samun ramin ƙarƙashin ido, da zurfafar layin da ya taso daga gefen hanci zuwa gefen baki, da saukowar kumatu kan muƙamuƙi. Ƙashi ma ba ya zama yadda yake: ramin ido yana ƙara faɗi, ƙashin muƙamuƙi yana raguwa, musamman ga wanda haƙoransa suka zube. Sai kuma tsokokin fuska, waɗanda ke naɗe fata a wuri ɗaya duk lokacin da aka yi murmushi ko aka ɓata rai, har naɗin ya zama tamoji na dindindin a goshi da gefen ido.

Abin lura a nan shi ne babu man shafawar da ke kaiwa ga kitse ko ƙashi. Duk abin da ke cikin kwalba, iyakarsa fatar sama, kaɗan ne daga cikin sinadarai aka tabbatar suna taɓa hawa na biyu.

Tsufan shekaru daban, tsufan rana daban

Masana sun raba tsufan fata gida biyu. Na farko shi ne wanda shekaru da gado ke kawowa ko da mutum a ɗaki ya rayu, kuma alamominsa masu sauƙi ne: fata ta yi siriri, ta bushe, ta yi ƙananan tamoji. Na biyu shi ne wanda ke zuwa daga waje, kuma rana ce jagorarsa. Mai son ganin bambancin ba ya buƙatar na'ura. Ya dubi cikin damtsen dattijo manomi, inda riga ke rufewa, sannan ya dubi bayan hannunsa da ƙeyarsa. Shekarunsu ɗaya, jininsu ɗaya, amma ɗaya sumul take, ɗaya kuwa ta yi kauri ta yi kaushi ta tsattsage.

Hasken rana yana ɗauke da wani haske da ido ba ya gani, wanda aka kasa zuwa UVB da UVA. UVB ya fi tsayawa a fatar sama, shi ne ke ƙona masu farar fata. UVA yana ratsawa har tsakiyar fata, yana tayar da wasu sinadarai da ke yayyanka kolajin, yana kuma sa ilastin ya cukurkuɗe ya zama dunƙule mara amfani. Yana kuma ratsa gilashin taga. A 2012 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga hoton wani Ba'amurke ɗan shekara 69 da ya yi shekara 28 yana tuƙa motar kaya. Gefen damansa na fuska irin na sa'o'insa ne, gefen hagu kuwa, wanda ke kallon taga, ya yamutse ya rataya kamar na wanda ya girme shi da shekaru masu yawa. A Najeriya da Nijar ma direba a hagu yake zama, kuma duk wanda ya lura da hannuwan direbobin doguwar tafiya ya san na hagu ya fi duhu.

Akwai wata lamba da ake yawan maimaitawa, cewa rana ce ke jawo kashi 80 cikin ɗari na tsufan fuska. Lambar tana da tushe, amma yana da kyau a san cewa binciken 2013 da aka fi dogara da shi an yi shi ne a kan mata Turawa kusan 300, kuma masu bincike na kamfanin kayan kwalliya na L'Oréal ne suka gudanar da shi. Ɗaukar wannan kaso a ɗora shi kai tsaye a kan fuskar Bahaushiya kuskure ne.

Bayan rana sai taba. Binciken da aka yi a kan tagwaye masu kama ɗaya a Ohio ta Amurka, inda suke taruwa duk shekara a garin Twinsburg, ya nuna cewa mai shan sigari a cikinsu yakan riga ɗan'uwansa samun jakar ƙarƙashin ido da tamoji a kewayen leɓe. Hayaƙi ma yana da nasa rabon: bincike a Jamus ya danganta hayaƙin motoci da ƙaruwar tabo a fuska, wani kuma a Sin ya danganta girki da itace ko kwal a cikin gida da ƙaruwar tamoji. Wannan na biyun ya shafi miliyoyin matan da ke durƙushe gaban murhu safe da yamma.

Baƙar fata tana tsufa, amma ta wata ƙofa

Ana yawan cewa baƙar fata ba ta tsufa, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya. Melanin, sinadarin da ke ba fata launi, garkuwa ce. Wani awo da aka yi a 1979 ya nuna cewa fatar sama ta baƙin mutum tana ba da kariyar da ta kai kusan maki 13 a ma'aunin da ake rubutawa a jikin man kariya daga rana, ta farin mutum kuwa kusan maki 3. Saboda haka tamoji yakan yi jinkirin shekaru kafin ya bayyana a baƙar fata, kuma idan ya zo ba ya yin yawa irin na Bature.

Sai dai ƙwayoyin da ke samar da melanin masu saurin fushi ne. Ƙurji, ƙuna, cizon sauro ko sabulu mai kaifi, kowanne yana iya barin baƙin tabo da zai yi watanni. Da shekaru, launin fuska yakan daina zama bai ɗaya: goshi da gefen kunci su yi duhu, kewayen ido ya yi baƙi, ga kuma ƙananan tsiro baƙaƙe masu kama da ƙwayar gero da ke fitowa a kunci da wuya, waɗanda ke bin gado kuma ba su da illa. Tsakiyar fuska ma takan sauko tun kafin tamoji ya fito. Wato a baƙar fata tsufa yana fara shigowa ne ta launi da saukowar nama, kuma duk ma'aunin da ya dogara ga ƙidayar tamoji zai makara kafin ya gan shi.

Awo da ido

Ma'aunin da ya fi shahara a asibitocin fata shi ne na Thomas Fitzpatrick, likita a Harvard, wanda ya fitar a 1975, yana kasa fata rukuni-rukuni gwargwadon launinta da yadda rana ke ƙona ta. Ba don auna tsufa ya yi shi ba. Ya yi shi ne don sanin yawan hasken da za a haska wa masu wata cutar fata ba tare da an ƙona su ba, kuma da farko rukuni huɗu ne duk na farar fata, daga baya aka ƙara na biyar da na shida. Sakamakon haka, Bafulatana mai hasken fata da Babarbare baƙi wuluk da mutumin kudancin Indiya duk a rukuni biyu ake cusa su. Ƙorafi a kan haka ne ya sa kamfanin Google ya rungumi wani ma'auni mai launi 10 a 2022, wanda masanin zamantakewa Ellis Monk ya tsara.

Na tsufa kai tsaye, wanda aka fi ambata shi ne na Richard Glogau, mai hawa huɗu: babu tamoji, tamoji sai an motsa fuska, tamoji ko fuska na zaune, sai kuma fuskar da duk tamoji ce. Yana da sauƙin amfani, amma kusan duk nauyinsa a kan tamoji yake, don haka dattijuwa baƙa mai shekara sittin tana iya faɗawa hawa na biyu alhali kowa ya gan ta ya san ta manyanta.

Abin mamaki, awon da ya fi kama da wasa yana cikin masu ƙarfi: a nuna wa mutane da yawa hoto, kowa ya yi hasashen shekaru, a ɗauki matsakaici. A 2009 Kaare Christensen da tawagarsa a Denmark suka buga sakamakon irin wannan awo a kan tagwaye 1,826 masu shekara 70 zuwa sama, suka gano cewa wanda aka ga ya fi tsufa a fuska a cikin tagwaye yakan riga ɗan'uwansa rasuwa, musamman idan tazarar hasashen tana da yawa. Idon mutum yana haɗa launi da tamoji da saukowar kumatu da ramin ido a kallo ɗaya, abin da na'ura ɗaya ba ta yi. Manhajar waya tana ƙoƙarin kwaikwayon wannan ido ne, sai dai abin da aka koya mata shi ta sani. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin manyan kamfanoni uku a kan aiki mai sauƙi, wato bambanta mace da namiji, kuskuren ya kai kusan kashi 35 cikin ɗari a kan mata baƙaƙe, ƙasa da kashi 1 a kan maza farare. Hasashen shekaru ya fi wannan wuya, kuma hasken ɗaki, hoda, murmushi da irin wayar duk suna juya lambar.

Awo da na'ura

A ɗakunan bincike kowace siffa ta fata da na'urarta. Cutometer, ƙirar wani kamfani a birnin Kolon na Jamus, aikinta ya yi kama da ƙahon wanzami: bakinta rami ne mai faɗin kamar milimita 2, ana ɗora shi a kunci, ya zuƙo fata na ɗan daƙiƙu, ya saki, haske a ciki yana auna nisan da fatar ta taso da kuma yadda ta koma. Fatar matashi takan koma nan take, ta tsoho takan koma a hankali kuma ba ta cika komawa daidai ba. Wannan awo yana cikin waɗanda suka fi tafiya da shekaru. Corneometer tana auna damshin fatar sama ta hanyar lantarki. Tewameter tana auna ruwan da ke tsiyayewa ta fata ya bi iska, da giram a murabba'in mita a awa ɗaya. Mexameter tana haska fata ta auna melanin da ja, kodayake a fata mai duhu melanin yakan rufe jan ya rikita awon.

Don auna zurfin tamoji, tsohuwar hanya ita ce a shafa wata roba mai laushi irin ta likitan haƙori, a bari ta daskare, a ɓare ta, sai ga taswirar fata da duk ramukanta, a haska ta ta gefe a auna inuwa. Yanzu akwai kyamarori da ke zana layukan haske a fuska su fitar da zurfin ba tare da an taɓa mutum ba. Akwai kuma sikanin irin na masu juna biyu amma mai ƙarfin megahaz 20, wanda ke nuna kaurin tsakiyar fata, da wani baƙin layi ƙarƙashin fatar sama da ke ƙara faɗi a wuraren da rana ta daɗe tana duka. Na'urorin hoto irin su VISIA suna ɗaukar fuska da haske iri-iri, su ƙidaya tabo da ramuka da tamoji, sannan su kwatanta mutum da hotunan da ke rumbunsu. Lambar da suke bayarwa matsayi ne a cikin wancan rumbu, don haka darajarta ta dogara ga su wane ne a ciki.

Duk waɗannan na'urori suna da sharaɗi. A binciken kirki ana zaunar da mutum kamar minti 20 zuwa 30 a ɗaki mai sanyin digiri 20 zuwa 22, da laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 60, fuska ba mai ba hoda, kafin a auna. A Kano ko Damagaram lokacin hunturu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20. Matar da ta sauko daga adaidaita sahu a watan Janairu aka auna ta a shago, na'ura za ta ce fatarta ta bushe ƙwarai, kuma gaskiya ta faɗa. Idan aka shafa mata kowane irin mai, ko man kaɗanya ko basilin, aka sake aunawa, lambar za ta tashi, ƙananan layuka su ɓace saboda fatar sama ta sha ruwa ta kumbura. Kolajin dai yana nan yadda yake.

Inda kamfanoni da likitocin fata suka rabu

Kamfanoni suna cewa alƙalumansu daga awo suka fito, kuma sau da yawa hakan ne. Likitoci kuma suna tambayar me aka auna, a kan mutum nawa, na tsawon wane lokaci, da me aka kwatanta. Kason da aka samo ta hanyar tambayar mata ko sun ji fatarsu ta yi laushi ra'ayi ne. Kason da aka samo daga awon damshi gaskiya ne amma na yini ɗaya. A ganina nan ne mafi yawan tallace-tallace suke fakewa: suna auna abin da ke saurin sauyawa, su bar mai saye ya ɗauka an taɓa abin da ke ɗaukar shekaru.

Abubuwan da suka tsallake gwaji mai tsauri ba su da yawa. Na farko shi ne man kariya daga rana. A garin Nambour na Ostireliya an bi mutum 903 'yan ƙasa da shekara 55 tsawon shekara huɗu da rabi, an umarci wasu su shafa man kariya daga rana kullum, wasu kuma yadda suka ga dama, aka auna bayan hannunsu da waccan robar mai daskarewa. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna tsufan fata ya yi ƙasa da kashi 24 cikin ɗari a wajen masu shafawa kullum. Akasarinsu farare ne, amma ga baƙar fata ma likitoci suna ba da shawararsa, musamman ga mai fama da tabo, da kuma zabiya waɗanda rana ke jefa su cikin haɗarin sankarar fata. Na biyu shi ne tiretinoyin, dangin bitamin A, wanda gwaji a Jami'ar Michigan a 1988 ya nuna yana rage tamoji, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi don wannan aiki a 1995. Yana ɗaukar watanni, yana sa fata saɓa da zafi da farko, a baƙar fata wannan zafin kansa yana iya barin tabo, kuma ba a ba mai ciki.

Man bilicin da lambar da ke yaudara

Ga mai karatu a Najeriya, Nijar ko Gana, abin da ya fi saurin tsufar da fuska ba lallai rana ba ce. Yawancin mayukan hasken fata, har da haɗin da ake sayarwa a robobi marasa suna, suna ɗauke da ɗaya ko fiye daga abubuwa uku: sitiroyid (maganin kumburi da ƙaiƙayi) mai ƙarfi irin su kulobetasol, sai haidirokwinon, da makuri, wato zaiba. Sitiroyid yana hana ƙwayoyin tsakiyar fata ƙera kolajin, wato yana yin a watanni abin da shekaru ke yi a hankali. Fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana kore-kore da ja-ja, nankarwa ta fito, ƙuraje su taso, rauni ya ƙi haɗewa. Haidirokwinon idan aka daɗe ana shafa shi yakan juye ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kunci, cutar da likitoci suka bayyana a Afirka ta Kudu tun 1975, kuma tana da wuyar magani. Makuri kuwa har ƙoda yake taɓawa. Duka ukun suna rage melanin, wato suna cire garkuwar da ta sa baƙar fata ke jinkirin tamoji tun farko. Gana ta hana kayan kwalliya masu haidirokwinon a 2016, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana lamarin bilicin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiya a 2023.

A makonnin farko na shafa irin wannan mai, na'urar shago da ke ƙidaya tabo da auna haske za ta nuna ci gaba, domin tabo ya dusashe, fuska ta yi fari, kuma abin da aka gina ta ta gani ke nan. Da za a ɗora sikanin mai auna kauri a kuncin bayan wasu watanni, da ya nuna tsakiyar fata tana raguwa, amma irin wannan na'ura ba a ajiye ta kusa da kantar sayar da mai. Wadda ta daɗe tana shafa mai sitiroyid kuma, idan ta bari rana ɗaya, fuska takan yi ja, ta yi zafi, ta feso da ƙuraje, abin da ke mayar da da yawa ga kwalbar. Shi ya sa likitocin fata suke janye shi a hankali, mataki-mataki cikin makonni, tare da man da ke riƙe damshi da kariya daga rana har fatar ta fara farfaɗowa.